Inexorable: wai taurin kai ne, ko wani abu ne daban?

Binta_Tafinta
Assalamu alaikum 'yan gida. Yau masana Turanci da masana Hausa nake nema gaba ɗaya. Jiya da yamma aka miƙo mini wani rahoto a wurin aiki, aka ce in mayar da shi Hausa kafin labaran ƙarfe shida. Ina cikin yi sai na ci karo da "the inexorable rise in food prices". Na leƙa ƙamus ɗin waya a gurguje, na ga ana ta maganar rashin tanƙwaruwa da ƙin sassautawa, sai kawai na rubuta "taurin kan farashin abinci". Editanmu ya karanta, ya zare tabarau, ya dube ni ya ce, "Binta, masara jaki ce da za ta yi taurin kai?" Ya soke, ya rubuta "hauhawar farashin abinci", ya wuce abinsa.

To ni dai raina bai kwanta ba, don shi ma ai kewaye kalmar ya yi, bai fassara ta ba. Mece ce ainihin ma'anarta, ina ne asalinta, kuma in Bahaushe ne zai faɗi wannan abu, me zai ce?

Ɗan_Kurmi
Wa'alaikumus salam. Wallahi editan nan ya burge ni. Ki ce "ba ƙaƙƙautawa" kawai ki huta, Malama.

SaniMaiJiranAdmishan
Anti Binta, ai kalmar tsada take nufi. 'Yar'uwar exorbitant ce, ki dubi tsakiyarsu iri ɗaya ne. Farashi mai tsadar gaske ke nan.

Malam_Ritaya
Sani ɗana, ido ne ya yaudare ka. Shekara 31 na yi da alli a hannu ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ba shekarar da ba a samu wanda ya haɗa waɗannan biyun aure ba. Exorbitant daga orbita ta fito, wato sawun da ƙafar amalanke ke bari a hanya. Abin da ya fita daga sawu ke nan, ya wuce gona da iri. Ita kuwa inexorable gidansu daban.

Latin ce, inexorabilis, kuma ƙyalle huɗu aka ɗinke. A tsakiya akwai orare, wato roƙo, ko addu'a, ko tsayawa gaban alƙali kana yi wa wani magana. Aka liƙa mata ex a gaba ta zama exorare: ka roƙa har ka samu, ka yi ta magiya har mutum ya sauko. A wutsiya akwai abilis, mai nuna abu zai yiwu. Sai in a goshi, wanda ya kore zancen duka. In ka haɗa su, ma'anar ita ce wanda roƙo ba ya saukar da shi.

Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, wajen shekarun 1550, zamanin da masu ilimin Ingila suka duƙufa wajen kwaso kalmomin Latin, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci. Orator da oration da adore duk 'yan ɗakinsu ne. Akwai ma exorable ba tare da in ba, wato mai jin roƙo, amma ni tunda nake ban taɓa jin ta a bakin mutum ba, sai dai a ƙamus.

Da fari mutane ake siffantawa da ita, kamar alƙali ko sarki ko abokin gaba, daga baya aka ara wa abubuwa marasa rai.

Binta, tunda a iska kike aiki, ki kula da furuci: nauyin yana kan gaɓa ta biyu, in-EK-sarabul. Mu nan mun saba jan "o" ɗin nan kamar muna kiran wani daga nesa.

SaniMaiJiranAdmishan
Na gode Baba. Da a jarrabawa ne da na sha ƙasa.

Uwar_Biyu
Wato har Turawa sun ajiye mai jin roƙo a ƙamus, sun ci gaba da yawo da wanda ba ya ji. Ai kuwa duniyar ma haka take.

Nahawu_Zalla
Malam ya gama aikin Latin, bari in ɗora na Hausa a kai. Mu ma muna da namu abilis ɗin, kullum yana bakinmu ba ma lura. Tuwon nan ba ya ciyuwa. Motar nan ba ta gyaruwa. Hanyar ba ta biyuwa da damina. Yaron nan ba ya tanƙwaruwa. Aikatau ne mai ƙarewa da u, wanda masu nazarin nahawu ke kira giredi na 7, kuma in aka kore shi a sigar ci gaba, abin da yake bayarwa shi ne "ba zai yiwu a yi masa kaza ba".

Saboda haka in gaɓa da gaɓa ake so, inexorable ita ce "ba ya roƙuwa". Ba ƙari ba ragi. In an fi son mai taushi a kunne, sai a ce "ba ya lallasuwa".

Gunners_Har_Abada
Ba ya lallasuwa? Ai wannan kirarin ƙungiyarmu ne a kakar 2003 zuwa 2004, wasa 38 ba wanda ya lallasa mu.

Nahawu_Zalla
Allah ya shirye ka. Lallashi nake nufi, ba lallasawar filin ƙwallo ba. Amma ka yi mini amfani, don a rubuce iri ɗaya suke, furuci ne ya raba su. To mu ce "ba ya rarrasuwa", kowa ya huta.

Ɗan_Kurmi
Ni "ba ya roƙuwa" ɗin ne ya ba ni dariya. A Kano in ka ce Alhaji ba ya roƙuwa, maroƙa ne za su fara gane nufinka: an wasa shi tun daga kakansa, ya ƙi zura hannu a aljihu. Marowaci ke nan.

Binta_Tafinta
Kun ga matsalar ke nan. "Farashin abinci ba ya roƙuwa" in na karanta a labarai, gobe sai an yi ta kiran waya ana tambayar wa ya je roƙonsa.

Hafsat_Adabi
Allah ya ƙara wa Malam_Ritaya lafiya, ina da ɗan gyara in an ba ni dama. Batun cewa daga baya ne aka ara wa marasa rai, to tun a Latin ɗin ma an riga an yi hakan. Mawaƙin Rumawa Virgil, wajen shekara 29 kafin haihuwar Annabi Isa, ya siffanta ƙaddara da wannan kalma a waƙarsa ta noma. Wato kalmar ta zo Ingila da kayanta biyu a ka.

Kuma akwai wurin da na fi so. A ƙarshen wasan Romeo and Juliet, lokacin da Romeo ya isa kabari, ya kori yaronsa, ya ce masa abin da ya ƙudurta ya fi damisa mai yunwa da teku mai ruri zama inexorable. Ku dubi abin da aka zaɓa don kwatance: dabba mai yunwa da ruwa. Duka biyun ba wai sun ji roƙonka sun ƙi ba ne, ba su ma san kana yi ba. Mutum in ya kai nan, ya fita daga sahun waɗanda ake yi wa magana.

Malam_Ritaya
Na karɓi gyara, 'yata. Wanda ya koyar ya ga ɗalibi ya wuce shi, ai riba ya ci.

Ɗan_Maraɗi
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan kalmar ba baƙuwa ba ce, da Faransanci ma haka ake rubuta ta harafi da harafi, furucin ne kawai ya bambanta. Tun muna lakwal muke jin "l'avancée inexorable du désert", wai hamada na tahowa ba mai tsayar da ita. An maimaita mana har muka hardace kamar karatun allo.

To ga abin da idona ya gani. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonar mahaifina fili ce fetal, iska na kwashe ƙasa, in ka shuka hatsi sai rairayi ya binne shi ka sake shukawa. Daga baya manoma suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona. Tohon da ya fito, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Sassaben zamani muke ce masa. Gawo da kalgo da sabara suka dawo da kansu, ba wanda ya kawo dashe daga wani wuri. Yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gonar nan tamu yanzu in ka tsaya a tsakiya ba ka hango ƙarshenta don itace.

Shi ya sa in na ga kalmar nan a jarida nakan yi mata kallon tsanaki. Sau da yawa mai rubutun ne ya sallama, ba abin ne ya gagara ba.

Kwamared_Talaka
Allah ya biya ka, Ɗan Maraɗi! Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Zan dawo kan wannan, bari in sauka daga Keke Napep.

Lauya_Ba_Kotu
Malama Binta, kalmar da ta dace da taurin kan da kika rubuta tana nan daban, ita ce intransigent, kuma tarihinta ya fi daɗin ji. Ba tsohuwa ba ce sosai, daga siyasar Sifen ta fito. A watan Fabrairun 1873 Sarki Amadeo ya ajiye sarauta, aka kafa jamhuriya ta farko. Cikin 'yan jamhuriyar akwai wani ɓangare masu zafi da suka ce tsarin tarayya suke so yanzu-yanzu, daga ƙasa zuwa sama, ba jiran tsarin mulki, ba sulhu da kowa. Aka sa musu suna los intransigentes. A watan Yuli suka fice daga majalisa, garuruwa suka shiga ayyana cin gashin kai, Cartagena ta riƙe wuta har Janairun 1874. Jamhuriyar kanta sai da ta yi shugabanni huɗu cikin wata 11. Daga nan sunan ya tsallaka Faransa, ya shiga Turanci.

Tushenta transigere, wato a daidaita, a cimma matsaya, kuma daga nan transaction ta fito. To kin ga bambancin. Intransigent shi ne wanda ba ya ciniki: ka taya ya ce albarka, ka ƙara ya ce albarka, ba zai taɓa cewa ya sallama ba. Amma ku biyu kuna tsaye a kasuwa ɗaya, kowa da abin da ke hannunsa. Shi ya sa duk lokacin yajin aiki jaridunmu ke cika da ita, gwamnati na jifan ƙungiya da ita, ƙungiya na rama wa. Inexorable kuwa ba ciniki a ciki. Kai kana ƙasa ne, hannunka biyu a buɗe, shi yana sama.

Ɗan_Kurmi
Lauya, wannan bayani naka ya shige ni. A kasuwa muna da irinsu, mu "kaifi ɗaya" muke ce musu. Wasu ma yabo ne a wurinsu.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. To ina adamant? Ita muka fi ji a nan. "He is adamant", kullum a rediyo.

Ɗalibin_Azhar
Adamant dutse ce asalinta. Girkawa na cewa adamas, abin da ba ya horuwa, suna kiran duk wani ƙarfe ko dutse mafi tauri da shi. Daga nan diamond ta fito, kuma almas da Larabawa ke kiran daimon da shi ma can ya samo tushe. In aka ce mutum adamant ne, ya kafe kan magana ɗaya ke nan, kai da fata. Yana iya zama a kan ƙaramin abu, kamar ya rantse shi ya kulle ƙofa jiya. Ba ta da nauyin inexorable ko kusa.

Hajiya_Mai_Atamfa
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma tun da Malam ya ce wanda roƙo ba ya saukarwa, mutum ɗaya nake gani a idona, mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Ƙaninsa ya sayar da gonar gado ba da saninsa ba, har da wurin da iyayensu suka fara zama. Baba bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Cewa kawai ya yi ƙafar Baffa kada ta sake taka zaurensa. Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin, ni ke kai ruwa zaure, don haka duk tawagar da ta zo a idona aka yi. Abokansa suka zo. Liman ya zo ya karanta ayoyin zumunci. Gwaggonmu ta taso tun daga ƙauye, ta zauna a ƙasa tana kuka tana haɗa shi da nonon da suka sha. Ranar da mai unguwa ya zo, da ya ga magana ta ƙi, sai ya cire hularsa ya ajiye a gaban Baba a kan tabarma, ya ce a dubi furfurarsa. Zauren ya yi tsit, ni kaina sai da kwanon ruwa ya yi rawa a hannuna. Baba ya sa hannu biyu ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya miƙa masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, Allah ya saka da alheri." Ya raba goro, ya raka su har bakin hanya. Maganar tana nan inda take.

Abin da nake so in ce, wannan ba taurin kai ba ne irin wanda muka sani. Mai taurin kai yana da hayaniya, yana musu, yana kumbura. Shi Baba zai saurare ka har ka gaji, ya ba ka gaskiya a inda kake da ita, ya gode maka. Sai dai ka fito ka ga ba abin da ya motsa. Shekara 19 aka yi a haka har ya koma ga Allah. Kuma duk tsawon lokacin nan shi ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yan Baffa, ta hannun mahaifiyarmu, da sharaɗin kada a faɗa. Har yau na kasa yanke masa hukunci a zuciyata.

Uwar_Biyu
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe musu baki ɗaya. Hajiya kin sa ni hawaye.

Nahawu_Zalla
Amin. Hajiya, abin da kika zana shi ne kalmar, fiye da duk bayanin da muka yi. Ku lura da yawan matakan da muke da su: sa baki, ban haƙuri, ban baki, magiya, haɗawa da Allah da Annabi, cin albarkacin wani, kamun ƙafa, biko. Al'ummar da ta tara wannan kaya haka ta ɗauka cewa kowane mutum yana da ƙofar da ake shiga masa. Shi ya sa namu kalmomin na wanda ya ƙi duk suna da ɗan zargi a ciki: ya yi ƙememe, ya yi mursisi, ya yi kunnen uwar shegu, mai kunnen ƙashi. Ita kuwa ta Turancin ba lallai ta zama zagi ba. Ana cewa inexorable logic, hujjar da ke jan ka mataki-mataki har inda ba ka so, kuma yabo ne.

SaniMaiJiranAdmishan
Ni na ga inexorable da idona bara. Ranar ƙarshe ta rajista, ina kafe tun la'asar, layi har waje. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare na samu kwamfuta, na cike komai, saura in danna, wuta ta ɗauke. Kafin mai shagon ya tayar da janareta sha biyu ta gota da minti uku. Shafin ya rufe. Ina kafe, shafi ya kafe. Da mutum ne a wurin da na durƙusa, da na kira kawuna ya yi masa magana. Na zauna ina kallon allon kamar zai ji tausayina. Shi ya sa har yau sunana bai canza ba.

Gunners_Har_Abada
Sani yi haƙuri, amma "ina kafe shafi ya kafe" ta kashe ni da dariya.

Alaramma_Na_Ƙofa
Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama, kuma akwai inda nake so a yi hattara. Malama Hafsat ta kawo cewa mawaƙin Rumawa ya kira ƙaddara da wannan suna. Su a aƙidarsu haka ne. Girkawa ma suna da wasu mata uku a tatsuniyoyinsu masu riƙe da zaren rayuwa, ɗaya na kaɗi, ɗaya na awo, ta ukun mai yankewa sunanta Atropos, wato wadda ba ta juyuwa. To tunda tushen kalmar addu'a ce, in Musulmi ya ce ƙaddara inexorable ce, ya san me ya faɗa? Ya ce addu'a ba ta da tasiri a kanta. Alhali hadisi ya zo a Tirmizi cewa babu abin da ke mayar da hukunci sai addu'a. Mai fassara ya kula, kada ya ɗauko aƙidar wasu ya zuba a kunnen jama'a da sunan labarai.

Ɗalibin_Azhar
Allah gafarta Malam, gaskiya ne, amma malamai sun raba abin biyu. Akwai mu'allaƙ, wanda aka rataya shi a kan sababi kamar addu'a da sada zumunci, akwai kuma mubram, wanda aka riga aka yanke. Ajali idan ya zo ba a jinkirta shi ko da sa'a guda, ba a kuma gaggauta shi, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf aya ta 34. Wannan kam ko an kira shi da kalmar nan ba a yi ƙarya ba. Bahaushe ma ai ya ce mutuwa rigar kowa.

Hafsat_Adabi
Kuma Malam, Baturen yau in ya faɗi kalmar ba ya jin wata addu'a a cikinta, kamar yadda mu in mun ce "tilas" ko "lalle" ba ma tsayawa tunanin asalinsu. Tushen kalma ba shi ne ma'anarta ta yau ba.

Alaramma_Na_Ƙofa
Na yarda da rabin maganarki. Shi bai ji ba, amma mu da aka warware mana yanzu mun ji.

Admin_Garba
Jama'a a yi haƙuri, kada mu shiga babin ƙaddara, mun san inda ya kai mu wancan karon. A koma kan tambayar Malama Binta.

Kwamared_Talaka
Yauwa, na iso gida. Binta, ni ƙarar da nake da ita ba kan fassararki ba ce, kan wanda ya rubuta Turancin ne. Tashin farashin abinci ba ambaliya ba ce, ba kuma tsufa ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka tsaya a Dandalin Eagle aka ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka wata da watanni. Ga manoman da 'yan bindiga suka hana zuwa gona. Kowanne a cikin waɗannan akwai hannun mutum. Ko kana goyon bayan matakan ko ba ka yi, mutane ne suka zauna suka yanke.

In ka ce inexorable, ka share sawun kowa. Ka mayar da abin kamar fitowar rana, ba wanda za a tambaya, ba wanda za a roƙa. Daidai da hamadar Ɗan Maraɗi. Ni da taurin kan da Binta ta rubuta aka bari ma ya fi mini, don aƙalla mai sauraro zai tambaya, kan wa?

Lauya_Ba_Kotu
Kwamared, ka yi gaskiya a siyasa, amma ka kauce a aikin tafinta. Ba hurumin Binta ba ne ta gyara wa marubuci ra'ayinsa. Amana aka ba ta. In ya ce abu ba ya tsayuwa, ta ce ya ce ba ya tsayuwa. In tana da ja, ta nemi fili a shirin sharhi.

Kwamared_Talaka
To editan da ya cire kalmar ɗungurungum fa, shi amanar ya riƙe?

Lauya_Ba_Kotu
Shi ma ya rage mudu. Ban wanke shi ba.

Malam_Ritaya
Binta, ga abin da zan ce in ni ne a kujerarki. Kada ki nemi kalma ɗaya da za ki riƙa sakawa ko'ina, ba za ki samu ba. Dubi abin da aka siffanta tukuna. In mutum ne, ki ce ba ya jin roƙo, ko ba ya jin magiya, ko ba a shawo kansa. In abu ne mai tafiya, kamar farashi ko yawan jama'a ko tsufa, ki ce ba ƙaƙƙautawa, ko ba sassauci, ko wanda ya ƙi tsayawa. In ƙarshen abu ake nufi, ki ce ba makawa. Sai dai ki lura, inevitable ita ce ba makawa ta asali, tana duban inda za a ƙare. Inexorable tafiyar take kallo, taku bayan taku, kana gani yana matsowa.

Ɗan_Kurmi
Wato dai abin da na faɗa tun farko cikin kalma biyu, ba ƙaƙƙautawa, shi aka zagayo aka dawo bayan an je Sifen da Rum.

Nahawu_Zalla
Ba ƙaƙƙautawa ta ɗauko tafiyar, amma ta bar roƙon a baya. Ruwan sama ma yana zuba ba ƙaƙƙautawa, mai kiran waya ma haka. Ba ta nuna an yi ƙoƙarin tsayar da abin an kasa. Ni zan ce "ya ƙi ci ya ƙi cinyewa".

Hajiya_Mai_Atamfa
A'a Malam, wannan ta matsalar da ta daɗe ba ta warware ba ce. Ba ta nuna abin yana ƙaruwa. Mu a kasuwa cewa muke kaya sun yi tashin gwauron zabo.

Ɗan_Maraɗi
Gwauron zabo ai tashi ɗaya yake yi fir, Hajiya. Wannan kuwa tafiyar hawainiya ce da ba ta juyawa.

Zango_Kumasi
Mu a Zango da "ba ya jin bari" za mu ce. Farashin da ba ya jin bari.

Uwar_Biyu
Kai, wannan ta yi mini! Kamar ɗan autana.

Binta_Tafinta
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya, labarin Baba ya tsaya mini a rai tun ɗazu. Da rana na sami editan na nuna masa zaren nan, na ce in rahoton ya sake dawowa zan rubuta "farashin abinci da ke ta hawa ba sassauci". Ya karanta har ƙasa, ya yi dariya a wurin Sani, ya ce "ba ya jin bari" ta fi daɗi amma ba ta labarai ba ce, sai dai shirin barkwanci. Sannan ya ce nawa ya yi tsawo da daƙiƙa biyu, in bar shi a hauhawa. Na roƙe shi har sau uku.

Gunners_Har_Abada
Ya sauko?

Binta_Tafinta
Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da aiki.

SaniMaiJiranAdmishan
Baba Malam_Ritaya, kafin a watse, implacable fa? Na gan ta a tsohuwar takardar tambayoyi tare da wannan, an ce a zaɓi ɗaya.

Malam_Ritaya
Wannan daga placare take, kwantar da fushi, ta mai ƙullaci ce wanda ba ya hucewa. Turo mini jimlar gaba ɗaya in gani, amma sai bayan isha'i, yanzu an kira magariba a nan.